Filin Jama'a a Lardin Kano: Wa Ya Keɓe, Wa Aka Tambaya?

 Yau maganar ƙasa za mu yi, irin ƙasar da babu mai bugun ƙirji ya ce tasa ce shi kaɗai: maƙabarta, filin idi, kasuwar ƙauye, burtali, mashaya, makiyaya, da dajin da mata ke shiga yin itace. Za mu tsaya ne a Lardin Kano na zamanin Turawa, wanda a ƙarshen mulkinsu ya ƙunshi abin da yau muke kira Jihar Kano da Jihar Jigawa. Ina so mu ga yadda ake keɓe irin waɗannan filaye a wancan lokaci, domin rigimar da muke yi a kansu yau daga can ta samo tushe.

Kafin Bature ya zo, mutanen ƙasar nan sun san keɓe fili. Tarihin Kano ya jingina wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kafa Kasuwar Kurmi da faɗaɗa ganuwa. Ganuwar kuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. An bar sarari mai yawa a cikinta, gonaki da kududdufai da wurin kiwo, saboda in maƙiya sun tsare ƙofofi mutane da dabbobi su sami abin rayuwa. A ƙauye ma kowane gari yana da huruminsa. Manomi ya san inda kuyyarsa za ta tsaya, ya dasa aduwa ko cediya a bakin burtali, shanu su wuce tsakanin shinge biyu su sauka mashaya ba su taɓa dawar kowa ba.

Bayan jihadi, malamai sun rubuta hukuncin abin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana da ɗan littafi, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da ƙasa ke zama haƙƙin mutum ko na jama'a: raya matacciyar ƙasa, kyautar shugaba, hurumin gari da na rijiya, da kuma makiyayar da shugaba ke tsarewa don maslahar Musulmi. Malaman Malikiyya sun ɗaure hannun shugaba a kan wannan ta ƙarshe. Sai akwai buƙata, sai wurin ya zama kaɗan yadda ba zai ƙuntata wa mutane ba, sai ya zama fili ne da ba gini ko shukar wani a kansa, kuma ba don amfanin kansa zai tsare ba. Ku riƙe waɗannan sharuɗɗa, za mu auna abin da ya biyo baya da su.

Ba ina cewa komai lafiya lau yake a da ba. Sarakuna da hakimai suna da manyan gandaye da bayi ke nomawa, kuma talaka ya sha rasa gonarsa saboda ya saɓa da mai gari. Amma hurumi dai a idon jama'a yake. Wanda ya ci iyakar burtali, maƙwabcinsa ne zai fara yi masa magana, kafin maganar ta kai gaban dagaci.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. A Sakkwato jagoransu Lugga ya faɗa wa manyan gari ƙarara cewa duk abin da Fulani suka samu da yaƙi, har da iko a kan ƙasa, ya koma hannun Ingila da yaƙi. To, amma me za a yi da ƙasar? Wannan ita ce tambayar da Gwamna Girouard, wanda ya gaje shi a 1907, ya tasa a gaba. Aka kafa kwamiti a 1908, ya zauna a Landan. A cikinsa akwai Temple, wanda ya yi aikin Razdan a Arewa, da wani ɗan majalisar Ingila, Josiah Wedgwood, mai ra'ayin cewa ƙasa ba hajar da mutum ɗaya zai tara yana cin hayarta ba ce. Turawa suka tambayi Turawa yadda Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ke riƙe gona. Ba a ɗauki manomi ko makiyayi daga nan an kai shi ya faɗi nasa ba.

Daga rahoton wannan kwamiti aka fitar da dokar ƙasa ta 1910, aka sake zartar da ita a 1916. Abin da ta ce a taƙaice shi ne: duk ƙasar Arewa, wadda ake nomawa da wadda ba a nomawa, ta 'yan ƙasa ce, amma tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta ya sarrafa ta don amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Baƙo, ko Bature ne ko Balarabe ko mutumin Kudu, ba ya samun fili sai da takardar izinin zama daga Gwamna, ta shekaru ƙidayayyu, yana biyan haya.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da ta yi wa ɗan mulkin mallaka daɗi. Wannan doka ta tsare mu daga abin da ya sami wasu. A Kenya an kwashe tsaunuka masu albarka an ba Turawa manoma. A Rodeshiya ta Kudu, Zimbabuwe ta yau, dokar 1930 ta raba ƙasa, kusan rabi ya tafi ga 'yan tsirarun fararen fata. A Lardin Kano hakan bai faru ba. Gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano, talaka ne ya nome ta a gonar gadonsa.

Sai dai dokar da ta hana baƙo ƙwace gonarka, ita ce ta ba Gwamna damar karɓe ta duk ranar da ya ce ana buƙatarta don aikin jama'a. Diyyar da za a ba ka kuwa ta abin da ka ɗora ce a kan ƙasar: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani kamar ɗorawa da tsamiya. Ita ƙasar kanta ba a biyanka, don a idon doka ba taka ba ce, zama kawai aka ba ka. Wa ke fassara abin da ake kira aikin jama'a? Mai riƙe da alƙalami. Razdan ya rubuta, Gwamna ya sa hannu, a gaya wa Sarki, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya zo ƙofar gidanka. Magana daga sama take gangarowa. Ba kasafai take hawa ba.

In kuna son ku san waɗanda aka fara lissafawa a matsayin jama'a, ku dubi filayen da aka fara keɓewa a Kano. Bariki a Bompai da Nasarawa. Hanyar jirgin ƙasa da tasharsa, da jirgi ya iso a 1911. Filayen kantunan kamfanoni a kusa da tasha. Sabon Gari, wajen 1913, don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi. Dokar birane ta 1917 ta zo da wani sharaɗi: a bar sarari mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, babu gini a ciki, wai don kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya kai wa Bature zazzaɓi. Irin waɗannan filaye ne a garuruwan Arewa suka zama wuraren sukuwa da folo da wasan golf. A filin sukuwar Kano ma jiragen sama na farko suka sauka a 1925. Duk waɗannan wurare ƙasar noma da kiwo ce a da, ta mutanen da ke zaune a bayan badala.

Filayen da talaka ya ga amfaninsu da idonsa sun fi zuwa ta hannun En'e, wato hukumar sarakuna, bayan an kafa baitulmali kuma kuɗin haraji ya fara taruwa. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta fara tun 1909, amma yawancin manyan ayyukan a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka yi su, daga 1926 zuwa 1953: Makarantar Midil da ta zama Kwalejin Rumfa, asibitin cikin birni, ruwan famfo daga Challawa, makarantar shari'a, da sansanin masu cutar kuturta a Yadakunya. A gundumomi kuma aka fitar da filin kasuwa, da na makarantar elimantare, da ɗakin shan magani, da gidan saukar baƙi. Malaman safiyo su zo da sarƙar awo, a kafa turakun siminti a kusurwoyi, a zana taswira a kai ofis. Wanda duk ya yi karatu a tsohuwar firamaren garin hakimi ya san girman filinta: ga ajujuwa, ga filin ƙwallo, ga gonar makaranta, ga dogon yaro a jere. Wannan alheri ne, kuma har yau muna cin moriyarsa a inda ba a yanka filin an sayar ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gandun daji, kuma ina so mu ɗan daɗe a nan. Dokar daji ta 1916, da wadda ta maye gurbinta a 1937, sun ba gwamnati da En'e ikon tsare daji. Dalilin da aka bayar ba na banza ba ne. Ana tsoron gurgusowar hamada, ana tsoron zaizayar ƙasa a bakin koguna, ana buƙatar katako da itacen girki don birane. A kudancin Lardin Kano aka tsare dajin Kogin Kano, wanda muka sani da Falgore. A Lardin Katsina akwai Ruma da Kukar Jangarai, a ƙasar Zamfara akwai nata babban gandun, a Birnin Gwari kuma aka tsare Kamuku a 1936.

Ga yadda ake yi. A buga sanarwa a gazet, jaridar gwamnati, cewa ana nufin tsare daji kaza. A naɗa jami'i ya je ya zauna da mutane ya ji wanda ke da haƙƙi a ciki. Abin da aka kawo masa ya amince, sai a rubuta shi a cikin odar: mutanen gari kaza suna da ikon ɗiban busasshen itace, ko cire zuma, ko tsinkar 'ya'yan kaɗanya, ko bin hanya kaza zuwa rafi. Abin da ba a rubuta ba ya faɗi. Daga ranar, malamin daji da dogarinsa ke da magana.

A takarda wannan tsari ya yi kama da adalci. To, amma ku tambayi kanku, wa ke zuwa irin wannan zama? Gazet da Turanci ake buga ta, a Legas ko Kaduna. Dagaci zai zo, da dattawan da ya gayyata. Matar da ke tsintar kaɗanya tana yin man kaɗe ba za ta zo ta yi magana a gaban Bature da hakimi ba. Maharbi yana dawa. Mai sassaƙar turmi da mai haƙar saiwar magani ba su ma ji labari ba. Bafulatanin da kakanninsa ke sauka a wannan daji duk damina, in an yi zaman da rani, yana can kudu wajen cin rani da shanunsa. Ya dawo ya tarar da turke da alama a jikin bishiya. Mutumin da jiya yake cin halalinsa, yau in ya sari reshe sai tara. Daga nan talaka ya fara kallon daji a matsayin kayan gwamnati, wanda in ba a ganinka sai ka ɗiba. Dajin da a da gari ke tsaronsa don nasa ne, ya koma dajin da mutum biyu masu albashi ke tsaro, gari kuma yana jiran su juya baya. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar da aka yi mana, ta fi asarar kowace gona: an raba mutane da jin cewa filin jama'a nasu ne. Daga baya Turawan da kansu sun lura, suka fito da ƙananan dazuzzukan gari waɗanda jama'ar wurin ke amfana da su a ƙarƙashin dagaci, amma tunanin ya riga ya shiga jini.

Burtali da makiyaya kuwa, su ne marayun wannan tsari. Gwamnati tana karɓar jangali a kan kowace saniya, kuma jangali na cikin manyan hanyoyin kuɗin En'e. Duk da haka ba a yi wa hanyar shanu dokar da aka yi wa daji ba. A gundumomin da ke kewaye da birnin Kano malaman taki sun auna gonaki ɗaya bayan ɗaya don a yanka haraji, domin gona tana kawo kuɗi. Burtali ba ya biyan haraji, sai aka bar shi a hannun al'ada. Ita kuwa al'adar tana fuskantar abin da ba ta taɓa gani ba. Jirgi ya zo, gyaɗa ta yi kuɗi tun daga 1912, mutane sun ƙaru, saura ta ƙare. Kowa ya ƙara kunya ɗaya a bakin burtali bana, ya ƙara wata baɗi. Hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma sai shanu sun bi layi.

Sai bayan 'yancin kai Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965. An ware wurare fiye da 400 a faɗin ƙasa, amma waɗanda aka kammala wa doka aka buga a gazet ba su kai rabi ba, kuma da yawa daga cikinsu yau gonaki ne da gidaje. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda shanunsu da namu hanya ɗaya suke bi ta Damagaram da Maraɗi, sun yi dokar karkara a 1993, suka kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, inda manomi da makiyayi da mai gari ke zama tare a shata burtali a kafa masa turaku. Ba su rabu da rigima ba, amma aƙalla wanda abin ya shafa yana wurin lokacin da ake shatawa.

Ita dokar 1910 ba ta mutu ba. A 1962 aka sake mata riga, aka sa Minista a inda Gwamna yake. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa wa Najeriya duka: ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta. Ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin fili a karkara, har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. An kuma cusa dokar a cikin tsarin mulki, don haka gyara ta ba ƙaramin aiki ba ne. Wato alƙalamin da ke hannun Bature a 1910 yana hannun ɗan'uwanmu yau, da ikonsa duka, har da ikon cewa abin da aka keɓe wa jama'a jiya ya zama fuloti yau.

Mun kuwa gani. Kududdufan da ke shanye ruwan sama a birnin Kano an cike da yawa an yi gini, damina ta zo ruwa ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Badala ta zama bangon gidaje a wurare da dama. Makarantun da ke da filin ƙwallo sun wayi gari da shaguna a jikin katanga. A watan Yunin 2023 an rushe gine-ginen da aka yi a kewayen Filin Idi na Kano, maganar ta kai kotu, 'yan kasuwar da suka sayi shaguna da takardunsu suka yi asarar dukiya mai yawa. Gwamnati ce ta bayar, gwamnati ce ta rushe. Masu sallar idi a filin kuwa, ba a tara su an ji ta bakinsu ba lokacin bayarwa.

Kada mu ɗora wa hukuma laifin duka. Je ka sabuwar unguwa ta awon igiya a bayan gari. Mai gona da dillali sun yanka kowane taku sun sayar. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu maƙabarta, lungu ma da ƙyar mota ke shiga. Shekara goma ta yi, unguwa ta cika, a yi rasuwa a rasa inda za a kai mamaci sai an ɗauke shi zuwa wata unguwa. Wannan mu muka yi wa kanmu.

To, me mai sauraro zai yi? Na farko, ku san abin da kuke da shi. Kusan kowane gari akwai dattijon da ya san inda tsohon turken makaranta yake, ya san faɗin burtali kafin a matse shi. Ku fita da shi tun yana da ƙafa, da mai unguwa da liman da wakilin Fulani, a taka iyakar, a rubuta, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a wurin dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma. A tambayi mata inda suke yin itace da ɗiban ruwa, don su suka fi kowa sanin waɗannan hanyoyi.

In wani bawan Allah ya ba da gonarsa waƙafi don maƙabarta ko makaranta, kada a tsaya a kan Allah ya saka da alheri. A rubuta tun yana raye, da shaidu, 'ya'yansa suna wurin, a kai gaban alƙali. Takardar filin kuma a yi ta da sunan amintattun al'umma, kada a yi da sunan mutum ɗaya komai amanarsa, domin ranar da ya rasu filin zai iya shiga lissafin gado. In unguwarku awon gwamnati ce, tana da taswira a ma'aikatar ƙasa, kuma a cikin taswirar an nuna inda aka bar wa makaranta da kasuwa da asibiti. Ku haɗa kai ku nemi ganinta. In kun wayi gari kun ga an sauke bulo da yashi a irin wannan wuri, ranar za ku rubuta koke, domin bayan an kai linta magana ta yi nisa. Inda babu kuɗin katanga, a dasa dogon yaro ko zogale a kan iyaka, a ɗora wa matasan unguwa ban ruwa har su kama.

Masu gona a bakin burtali kuma, lokacin gyara iyaka shi ne bayan an kwashe amfanin gona, kafin ruwan farko, sa'ad da babu shukar kowa a ƙasa kuma zukata a kwance suke. Ku gayyaci Arɗo ya zo da mutanensa a yi awon tare.